Manomin da Ya Fasa Ƙofofin Gidansa

Tunda ka ce wanda ƙafa ta guje wa, aure ma ya guje masa, gyara zama in ba ka misali. A wani gari an yi wata budurwa da ta hau soro shanyar barkono, tsani ya zame da ita, ta faɗo ta baya a kan turmi. Aka kai ta asibitin birni, likitoci suka ce laka ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa, ko allura aka soka mata ba ta ji. Ta dawo gida a keken guragu. Samarin da ke sallama a ƙofar gidansu suka janye ɗaya bayan ɗaya, ita ma ta cire zancen aure daga ranta, ta kama renon dashen itatuwa a bayan gida. Mangwaro, gwaiba da lemo, ga su nan jere a kan benci daidai hannunta, ƙanwarta na ɗebo mata ruwa. Ana nan sai wani manomi daga ƙetaren rafi ya zo sayen dashen mangwaro. Ya dawo ya sayi gwaiba. Ya sake dawowa ya sayi lemo, har aka fara tambaya ko lambun nan nasa ba shi da iyaka ne. In ya zo sai ya tsuguna gefen keken, su yi ta hira har inuwa ta juya. Ita kuwa da ta dubi ƙanwarta, doguwa, tana kai da komo da tulu a ka, sai ta ce a ranta ai ga abin da ke kawo shi. Ta shiga yi masa tallar ƙanwar, iya girkinta da haƙurinta. Shi dai murmushi kawai yake yi, ya tambaye ta yadda bayanta ya kwana.

Ranar da magabatansa suka zo da goro da alewa, ita ce ta zaunar da ƙanwar tana yi mata kitso tana tsokanarta. Sai ga baffansu ya shigo daga zaure, hula a hannu, baki buɗe. Da ƙyar ya ce ya tambayi baƙin ko sun yi kuskuren suna, ya sake tambaya, suka ce babu kuskure, babbar suke nema, mai dashe. Uwar ta saki ƙwaryar da ke hannunta, gero ya watse a ƙasa. Gwaggonsu ta dafe ƙirji ta kama salati. Budurwar kuwa hannunta ya sandare a cikin gashin ƙanwarta. Da ta dawo hayyacinta ba murna ta ji ba, fushi ta ji. Ko dai izgili ne, ko tausayi, kuma ba ta san wanda ya fi ciwo ba. Ta ce kada a taɓa goron nan sai ta ga manomin. Aka kirawo shi zaure, a gaban gwaggo ta zayyana masa abin da ba ta taɓa faɗa wa namiji ba: robar fitsari, gyambon da ke fitowa in ta daɗe a gefe guda, da yadda sai an ɗaga ta kamar buhun dawa kafin ta shiga kowane gida a garin. Tana magana tana jiran ta ga fuskarsa ta sauya. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, “Duk na sani, tun bara nake tambaya. Ku zo ke da Gwaggo ku ga gidan, sai ki ba ni amsa.”

Da safe suka tafi. Ashe maƙwabtansa sun daɗe suna cewa ya zautu, don tun kafin damina yake fasa ginin da babu abin da ya same shi. Ya sare dokin ƙofar zaure ya shafe wurin da siminti. Ya faɗaɗa kowace ƙofa. Ya gina murhu daidai hannun mai zaune, ya sauko da igiyar shanya, ya kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Gwaggo ta tsaya riƙe da haɓa, ko ƙiftawa ba ta yi. Da ta kai hannu za ta tura keken, budurwar ta ce ta bari. Ta murza da hannunta, ta ratsa zaure, ta bi tsakar gida, ta shiga ɗaki, ta juya ta fito, ba wanda ya ɗaga ta. Tun ranar da ta faɗo ba ta taɓa shiga gida da kanta ba, har gidan ubanta. Ta tsaya a tsakar gidan, ta juyo ta dubi manomin. Can ta tambaye shi, to da ta ce a'a fa? Ya ce da sai ya haƙura ya zauna a gida mai manyan ƙofofi. Ta fashe da dariya hawaye na zuba. Kafin la'asar an raba goro, an sa rana bayan girbi, kuma duk wanda labarin ya iske a garin sai ya ce a maimaita masa.

To, ka ji. Tana zaune inda ƙaddara ta zaunar da ita, abin da ta fid da rai da shi ya sauko ya same ta. Shi ya sa Hausawa suka ce, rabon kwaɗo ba ya hawa sama.