Girar Malamin

"Kada ki taɓa!" shugabar ƙungiyar kimiyyar yara ta daka wa jikata tsawa, don ta miƙa hannu ga maganaɗisu. Komai yana kulle cikin gilashi. Yaran sun jeru da fararen riguna tas, kamar masu jiran hoto. Wai kimiyya. Ana koyon iyo a kan tabarma?

"Baba, nan za mu sa ta," in ji 'yata. "Ba waccan ƙungiyar ta cikin kango da muka fara leƙawa ba."

Na ja jikata muka koma kangon. Ƙauri, tsofaffin batura, yara hannu baƙi ƙirin.

"Me ka gani a nan, Baba?" in ji 'yata da ta biyo mu.

Na nuna malamin da ke koyar da yaran. Girarsa ta hagu ta babbake. Ya miƙa wa jikata wayar wuta da ƙwan fitila.

"Taɓa mana."