Mai Awo Ya Hau Sikeli

Ƙaramin jirgin saman da ke sauka garinsu sau ɗaya a mako ba ya ɗaukar komai sai an auna, kaya da masu kayan. Shekara tara mai awon yana wannan aikin, amma tsoro bai taɓa barinsa ya shiga jirgin ba.

Yau akwatin ungozomar da yake so ne a kan sikelinsa. An mayar da ita asibitin garin da ke bayan duwatsu. Ya ƙura wa allurar sikelin ido, alhali tuni ta tsaya.

"Minti hamsin ne fa kawai, Malama," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta sama ba," ta ce. "Ta ƙasa kwana uku ne, in damina ta sauka kuma babu hanya. Kai da ƙarar inji ma ke firgita ka, yaushe zan gan ka?"

Ta sauke akwatinta, ta nufi ƙofa ba ko waiwaye.

Sai ya hau sikelin.

"Matuƙi," ya ce, "zo ka duba nauyina. Akwai sauran kujera?"