Makarantar Midhat

Gurbin karatu kyauta guda ɗaya ya rage a sashen injiniya, ga masu nema cike da baranda. Midhat aka kira a ƙarshe. Makinsa ya yi kyau, sai dai daga waje ya zana jarabawar sakandare, shi ya sa Dakta Safwat, shugaban masu tantancewa, ya dube shi a ɗage.

"Ku masu karatun gida ai sai hadda. Ban da littafi, me ka taɓa yi?"

Tun a jirgin ƙasa daga garinsu Asyut kawunsa ya ja masa kunne: in an tambaye shi, ya ce jinyar mahaifiyarsa ce ta zaunar da shi a gida, kada ya ƙara ko uffan. Midhat ya ji, amma jin bai wuce kunne ba.

"Na yi makaranta, Dakta. Ni ne ma editan jaridarmu."

Ya shiga zayyanawa. Jarida da hannu suke rubuta ta, a bayan kwalin shayi. Ƙwallonsu tsofaffin safa ne da aka cusa wa tsumma, kuma shi ne gola. Ran Alhamis muhawara, wanda aka kayar ya wanke kwanukan wake. Malam Girgis ya koya masa lissafi da guntun sabulu a kan siminti, har ranar da aka sauya masa wuri ba ko sallama. Wannan rabuwa har yau tana ci wa Midhat rai.

"Yawon buɗe ido fa?" in ji Dakta, yana murmushin raini.

"Ba mu taɓa zuwa ba. Amma ba wanda ya taɓa makara, ba wanda ya taɓa fashi."

Matar da ke gefen Dakta ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ajiye alƙalami.

"Ɗana, ba ma ba maƙaryaci gurbi. Faɗa min sunan makarantar, da wanda ya ɗauke ka."

Midhat ya san amsar za ta iya raba shi da gurbin. Ya kuma san ba zai yi wa malamansa butulci don kujerar aji ba. Ya dubi Dakta ido cikin ido.

"Alƙali ne ya ɗauke ni, ina ɗan shekara sha shida, saboda zanga-zanga. Rubuta kurkuku, Dakta. Ban taɓa jin kunyar makarantata ba."