Wasiƙar da Ta Kashe Saturnino

Petrona ta rufe tukunyar da ganyen ayaba, ta ɗora a ka, ta nufi gangaren kogi. Farfesun kaza ne da dafaffen rogo, irin wanda take kai wa Casiano kowace Laraba, shekara talatin da takwas ke nan.

"Uwargida Petrona, wurin munafukin nan za ki kuma?" in ji mai sayar da lemo a bakin kasuwa. "Da ni ce, maganin ɓera zan barbaɗa masa. Ke kam aljanna taki ce."

Petrona ta wuce abinta. Irin wannan yabon tsaya mata yake yi a wuya kamar ƙayar kifi.

Kowa a garin ya san labarin. Shekarar da 'yan tawaye suka taso daga arewa, mijinta Saturnino, maƙeri, ya ɓoye musu bindigogi shida a ƙarƙashin zugazugansa, yana shirin bin su daji da zarar ruwa ya ɗauke. Petrona na da cikin wata bakwai. Ta yi kuka, ta yi roƙo, ta haɗa shi da limamin coci, Saturnino ya ce ƙasa ta fi hawayen mace. Samari tara suka riga shi tafiya daga unguwarsu, ko takalmin ɗaya bai dawo ba.

Wata safiya soja suka dira maƙerar. Ba su taɓa komai ba sai zugazugan.

A lokacin, wanda aka kama da makami wata shida yake yi a bariki, yana sharar fili, matarsa na kai masa abinci. Amma kwana huɗu da kama Saturnino sabuwar doka ta iso daga Asunción, babban birnin ƙasar: ajiye makami cin amanar ƙasa ne, hukuncinsa kisa. Kotun soja ko minti ashirin ba ta yi ba. Ranar Asabar da hantsi aka jingina shi da bangon maƙabarta, aka tara mutanen gari su gani. Saturnino ya ƙi yarda a ɗaure masa ido. Yana ta neman fuskar matarsa a cikin taron, ita kuwa ƙasa take kallo, har aka buɗe masa wuta.

Ba a jima ba wani kurtu mai sakin baki ya ce wasiƙa ce marar sa hannu ta tona asirin. An kuma ga Casiano, mai raba wasiƙu, ya shiga bariki da ambulan ana gobe kamen. Shi ke nan. Budurwarsa ta mayar masa da zobe, wanzami ya daina taɓa kansa, in ya zauna a coci sai bencin ya watse. Bai taɓa musantawa ba. Da gwamnati ta sauya aka sa wa makarantar garin sunan Saturnino, duk shekara a bikin tunawa da shi ana zaunar da Petrona a kujerar gaba da furanni a cinya. Casiano kuwa ya koma wata bukka a bakin kogi.

Yau kwance ta same shi, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi na fita da ƙyar.

"Matar gwarzo ce?" ya ce yana murmushi. "Ajiye tukunyar. Yau kam kazar nan ta mutu a banza."

"Casiano, bari in kira maka limami."

"Ya zo jiya. Ya matsa sai na nemi gafara a kan Saturnino. Na ce masa aikina kai wasiƙa ne, ba buɗewa ba."

Petrona ta zauna a bakin gadon. Maganar da take haɗiyewa kowace Laraba ta taso mata har baki.

"Akwai abin da ban taɓa..."

"Bar shi a inda yake," ya katse ta. "Ɗanki ya tashi da sunan uba mai kyau, ni kuwa ba ni da ɗan da zan kunyata. Wanda ya yi wasiƙar wata shida kawai ya so a ajiye Saturnino, ya ga jaririnsa da ransa. Ina zai san doka za ta canza?"

Ya rufe ido, muryarsa ta yi ƙasa.

"Sai dai da kin ba wani ya rubuta bayan ambulan ɗin, Petrona. Shekara biyar muna benci ɗaya a makaranta, tun kafin in ɗauke shi na gane rubutunki."