Layi Dubu Tara na Malam

"Ki daidaita layukan nan kawai mu huta," in ji shugaban sashenmu, yana murza goshi. "Mako uku muna abu ɗaya."

Ni ma na gaji. Kwamfutar marigayi Malam, wanda ya koya mini rubuta manhaja, tana rufe kowane layi da ɓoyayyun alamomi biyu, kwamfutocinmu kuwa da ɗaya. Kana gyara harafi guda a fayil ɗin da ya bari, sai manhajar da ke ajiye aikinmu ta ce ka canza fayil ɗin gaba ɗaya.

Umarni ɗaya na buga. Kafin shayina ya huce, layi dubu tara sun daidaita.

Sai na buɗe shafin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Shekara shida ina ganin sunan Malam a gefen nan kowace safiya. Yanzu sunana ne daga sama har ƙasa, a kan aikin da ban rubuta ba.

"An gama?"

"Saura kaɗan, yallaɓai."

Na mayar da ƙaramin fayil ɗaya yadda yake, sunansa ya dawo. Har yau kwamfuta tana gargaɗi a kansa. Kullum sai sun ce in gyara, kullum sai in ce na manta.