Malamin da Ke Duba Layin Ƙarshe

Malama, na ga tarin takardun jarrabawar lissafi a gabanki, ga jan biro a hannu kina sauri. Ajiye shi tukuna in ba ki wani misali.

An yi wani malami a wata ƙaramar sakandare, mutum mai ƙwazo, bai taɓa makara ba, bai taɓa kwana da takardar yaro bai duba ba. Sai dai idonsa layin ƙarshe kawai yake zuwa. In amsa ta yi daidai ya ba da maki, in ba ta yi ba ya ja mata jan layi ya ɗauki ta gaba. A aji biyu akwai wata yarinya mai tsabtar rubutu, ba ta fashi, ba ta surutu. Da aka shiga darasin haɗa rabi da kwata da sulusi, sai ta fara faɗuwa. Kullum malamin ya rubuta mata a gefen takarda, ki ƙara ƙoƙari. Ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske. Ta cika littafi biyu da gwaji a gida, ta daina fita hutun tara, amma makinta bai motsa ba. Ta maimaita aji, ta sake faɗuwa. Mahaifinta ya zo ya tambaya, malamin ya ce iyakar ƙoƙarinsa ya yi, lissafi ne ba ya shiga kanta. Uban ya yi godiya, ya cire ta ya kai ta koyon ɗinki.

Bayan shekara shida aka yi wa malamin canjin wurin aiki. Yana kwashe kabad don ƙone tsofaffin takardu, sai na yarinyar nan suka faɗo a ɗaure. Ranar ba ya sauri, ya zauna ya bi aikin daga sama. Rabi a haɗa da kwata, ta haɗa lambar sama da ta sama, ta ƙasa da ta ƙasa, ta sami biyu bisa shida. Ya buɗe ta biyu, haka. Ya buɗe ta goma, haka. Kuskure ɗaya ne tak, wanda minti biyar da lemo ɗaya a yanka a gabanta sun isa su gyara. Sauran aikinta kuwa babu aibu. Shekara biyu yarinya tana nuna masa inda ta ɓata hanya da rubutu mai kyau, bai taɓa ɗaga ido sama da layin ƙarshe ba.

Ya nemi shagonta a bakin kasuwa. Ya tarar tana auna atamfa, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambaye ta rabin yadi da kwata nawa ke nan. Ko tsayawa tunani ba ta yi ba ta ce kwata uku. Ya miƙa mata takardun, ya nuna mata wurin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ai ni duk shekarun nan na ɗauka kaina ne ba ya ja." Ya nemi gafararta, ta ce ta yafe, ta koma kan kekenta don mai kaya na jira.

To Malama, kafin ki ja wa ɗan wani layi, ki bi sawunsa ki ga inda ya kauce. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take.