Gidan da Ba a Cewa Sannu

"Ɗan da na haifa ne sai na nemi izininki kafin in duba shi?" in ji Inna Kande.

"Inna, don Allah ki sassauta murya." Balaraba ta tare ƙofar ɗakin mijinta. "Ki shiga, amma kada ki yi masa sannu, kada ki tambayi jiki."

Tun da kamfanin inshora ya kafa na'urar saurare a bangon kowane gida aka daina dubiya a unguwar. Na'urar na jin an yi wa mutum sannu, sai a gane akwai mara lafiya, a soke inshorar gidan gaba ɗaya, su koma layin asibitin gwamnati, inda akwai lamba amma babu magani. Ga Balaraba da tsohon ciki, likita ya ce sai an yi mata aiki. Shi ya sa mijin nata Ɗayyabu yake tari cikin filo, rediyo a kunne, har ta sauka lafiya.

Tsohuwa ta ja tsaki ta shiga. Ta zauna bakin katifa tana ba shi labarin damina, shi kuma yana murmushi, ƙasusuwan wuya a waje. Sai tari ya ƙwace masa. Ya ɗago daga filon, jini a leɓensa.

"Sannu, ɗan nan! Sannu!" Bakinta ya riga ta.

Koriyar fitilar na'urar bango ta koma ja. Balaraba ta dafe cikinta.

Inna Kande ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"To, me uwa za ta ce?"